Rawaya a Kan Baƙi

Litinin, ƙarfe goma na safe

Yaya ya yi gyaransa na yau. A ƙarƙashin labarin da muka sa na sabon gem, wasan bidiyo na tseren motoci, ya rubuta: "BA KASHI NA UKU BA NE NA HUDU NE." Ba sallama, ba aya, duk da manyan baƙaƙe kamar mai kiran wani daga tsallaken titi. Na duba, gaskiyarsa ce. Na gyara, na rubuta masa "an gyara" a ƙasa. Iyakar hirarmu ke nan, ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya, tun da ya kwashe matarsa, Anti, ya koma garin Umma.

Shafin nan namu na labaran gem, Rai Uku, mu biyu muka kafa shi. Shi ke rubutu, ni ke zane da tsari. Watannin baya ya ajiye mini makullin ofis a kan tebur ya ce, "Auta, naki ne yanzu, na gaji." Na gasa masa maganganu son raina, bai rama ko ɗaya ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona ni. Ba ya amsa saƙona. In na kira ta bidiyo sai ya katse. Amma kullum safe sai ya leƙo shafin ya kamo mana kuskure, da sunan da yake sawa tun muna yara, Ɗan Wasa Na Ɗaya. Ni kuma kafin in kai shayi baki, shi nake fara nema. Ba zan faɗa wa kowa wannan ba.

Talata, bayan azahar

Mai Kwat ya zo. Wakilin wani kamfanin sayar da wayoyi ne, suna son su sa tallarsu a shafinmu har shekara. Ni na raɗa masa sunan, don ko fankar ofis ta mutu gumi na bin wuyansa ba ya cire kwat. Ya buɗe shafin a wayarsa, ya ja kai baya kamar an miƙo masa abu mai zafi.

"Malama, labaranku ba su da na biyu," ya ce. "Amma ki duba nan. Bango baƙi wuluk, rubutu rawaya, kowane harafi ya kai babban yatsana. Sai ka ce allon gargaɗi a jikin turken wuta. Wannan tambarin naku kuma, wane yaro ya zana muku?"

Dogo, wanda na ɗauka yana rubuta labarai bayan tafiyar Yaya, ya yi dariya har da buga tebur. Ni ma na yi, ta yaƙe. Yaron da ya zana tambarin yayana ne: zukata uku da baƙin alƙalami mai kauri a bayan kwali, ta ukun ta karkace kamar za ta faɗi. Sharaɗin Mai Kwat ɗaya ne. A sake wa shafin fuska gaba ɗaya kafin ƙarshen wata, launi da haruffa da tambari.

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. Shekara nawa ina faɗa da Yaya a kan rawayar nan? In rage girman rubutu da yamma, in zo da safe in tarar ya mayar har da ƙari. In na yi magana ya ce, "Bar shi haka, Auta, ya fi fitowa." Ni na karanci zane, shi ko da'ira bai iya ja ba, amma shi ne babba. To yanzu ba ya nan. Na ce wa Mai Kwat na amince.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Gyaran yau: "SUNAN KAMFANIN BA HAKA BA." Bai ma ce yaya yake ba. Na nemo da kaina. An gyara.

Alhamis, la'asar

Mai Kwat yana son hotunan shafin na da, don ya nuna wa manyansa bambanci in an gama. Na tono su na jera. A shekarar farko bangon fari ne, rubutu ƙanana, aikina ne kuma ba laifi. Daga nan Yaya ya mai da shi baƙi. Daga nan rawaya ta shigo. Daga nan haruffa suka fara ƙiba, kowace shekara sun fi ta baya. Dogo ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Shugaba, haruffan nan sun fi ni samun abinci." Taurin kan mutum ɗaya ne a jere, ba wani abu ba.

Na kira Umma. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, na ce ina ci. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce, "Yaya fa?"

"Yana nan. Sun fita shi da Antinki, dubiya suka je asibiti."

"Wancan makon ma haka kika ce. Wannan maras lafiya nasu bai warke ba har yanzu?"

"Ke Auta, kin cika tambaya. Bari in duba tukunya."

Ta kashe. Tunda ya koma gida kowa ya koyi gajarta mini magana. Su ukun suna can suna cin abinci a faranti ɗaya, ni ina nan da fanka mai ƙara.

Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Burodi na ci a tsaye. Wayata ba ta yi ƙara ba sai ta kamfanin waya.

Lahadi, da hantsi

Lahadi ta fi kowace rana tsawo a ɗakin nan. Maƙwabtana na sama suna da yara, ina jin gudunsu a kaina da uwarsu tana yi musu tsawa, har na fara gane wanne ke kuka. Ni ko mai yi mini tsawa babu.

Na jawo tsohon gem ɗinmu daga ƙarƙashin gado. Shi ma Yaya ya bar mini ranar da ya bar makulli. Hannun dannawa biyu gare shi, ɗaya an naɗe wayarsa da salatif, wannan ne nawa. Ina ƙarama Yaya zai miƙo mini shi, ya cusa bakin wayar a bayan talabijin ba tare da ya jona ba, ni kuwa in duƙufa ina danna maɓallai har da fito da harshe. A mataki na biyar akwai wata gada mai rushewa da zarar ka taka, ta ci ran duk yaran layinmu. In ya tsallake sai ya daki kafaɗata ya ce, "Auta, kin haye." Na yi shekaru ina cika wa ƙawayena baki. Ranar da na gane gaskiya na ƙi yi masa magana, ya yi ta bina da alewa har na huce.

Yau na jona duka biyun. Na faɗa ramin gadar har raina uku ya ƙare, na kashe na mayar ƙarƙashin gado.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Aiki ya yi daɗi yau, ba zan ɓoye ba. Na samu harafin da na daɗe ina so, siriri, mai tsabta, kamar da allura aka ja shi. Bango fari tas, rubutu ruwan toka mai haske, kanun labarai shuɗi mai sanyi. Tambarin kuma ɗigo uku a jere, kowanne da siririn zobe. Na ja kujera baya na kalla, na ji kamar na share gida bayan baƙi sun tafi. Wannan ne aikin da na karanta, wanda aka hana ni yi.

Na rasa inda zan baza takardun gwaji, sai na share teburin Yaya, wanda ban taɓa ba tun tafiyarsa. Allon kwamfutarsa yana can bakin tebur dab da faɗuwa, inda yake jawo shi ya kafa hanci. Nakan ce masa wata rana sai ya shige ciki mun neme shi a mataki na biyu. Ga ƙatuwar fitilar da ya saya yana kunnawa da rana tsaka. Ga tabon shayi ko'ina, don a ƙarshe-ƙarshen nan da wuya a yi mako bai ture kofi ba. Ƙazami kawai. Na tura allon baya inda mutane ke ajiye shi, na goge tebur.

Kujerarsa ce ban motsa ba. Tana da nauyi.

Laraba, azahar

Na tura masa hoton sabon tsarin ta waya. Na rubuta, "Ga shi kafin kowa ya gani." Na goge, na sake rubutawa, na tura. An buɗe saƙon. Ba amsa.

Amma da safe ya yi gyaransa kamar kullum, kalma uku, biyu ma a hargitse. Mutumin da a da yake dawo mini da rubutu saboda waƙafi ɗaya. Lalaci ya kama shi a gidan Umma, an samu mai dafa masa.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Mai Kwat ya ce manyansa sun yaba. Na yi ta riƙe waya ina neman wanda zan faɗa wa.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Mun sake fuskar shafin da sassafe. Na danna da hannuna, baƙin ya tafi, farin ya zo. Dogo ya sayo lemo muka sha a kofin roba, ya ce yanzu zai iya nuna wa budurwarsa inda yake aiki ba tare da ya rufe rabin allon da hannu ba. Masu karatu sun yi ta yabo. Wani ya ce a ƙarshe dai an ji tausayin idonsa. Wata ta ce ta ɗauka ta shiga shafin ƙasar waje.

Na karanta duk tsokacin har ƙasa, na sake komawa sama. Ɗan Wasa Na Ɗaya bai zo ba. To, ranar farko ce, wataƙila ba mu yi kuskure ba yau.

Talata, ƙarfe goma na safe

Bai zo ba.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Bai zo ba. Kuma akwai kuskure, ni da kaina na gan shi a labarin Dogo, zan bar shi har azahar.

Juma'a, la'asar

Fushi yake. Na san shi, ba ya faɗa, sai dai ya ɗauke ƙafa. Saboda zukatansa uku da rawayarsa zai yanke ɗan abin da ya rage tsakaninmu. Shi ya tafi, shi ya ce nawa ne, ni kuma na yi da abina yadda na ga dama. Ko a jikina.

Na mayar da tsohon tambarin ƙasan shafi, ƙarami, kusa da inda aka rubuta shekarar da muka fara. Ba don shi ba. Wurin ne ya yi fili da yawa.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na yi abin da ko Dogo ban iya yi wa bayani ba. Na rubuta labari a kan tsofaffin gem ɗin da aka taso da su, na sa sunana a kai, kuma a tsakiya na rubuta cewa gada mai rushewa tana mataki na huɗu. Da gangan. Yaya zai iya jure a cire masa tambari, amma wannan ba zai bari ya kwana ba.

Kafin azahar jama'a sun yi mini caa. Wani ya ce masu shafin gem ne ba su san gadar mataki na biyar ba. Wani ya ce an gyara fuska an zubar da ƙwaƙwalwa. Dogo ya taso da waya a hannu.

"Shugaba, ana cin mutuncinmu. Bari in gyara, harafi nawa ne."

"Bar shi."

"In bar shi? Ai kowa ya gani."

"Ba kowa ba," na ce. Ya kalle ni, ya kalli kujerar da ba kowa a kai, ya koma wurinsa. Yaron yana da hankali, na ji haushin hakan.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Duniya duk ta gyara mini, ban da mutum ɗaya.

Alhamis, bayan azahar

Na kira Umma. Sun je dubiya.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Anti ta kira, matar Yaya. Ba ta saba kirana ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, ina jin iska, alamar ta fita tsakar gida.

"Auta, me kuka yi wa shafin nan?"

"Shi ya ce ki tambaye ni? Ki ce masa yana da lambata."

"Bai san na kira ba. Ya rantsar da mu, ni da Umma, amma ni na gaji." Ta ƙara rage murya. "Tun wancan makon kullum safe sai ya miƙo mini waya ya ce shafin ya lalace, ba ya buɗewa, fari ne kawai. Ya ce in gaya miki ki duba, sai kuma ya ce a'a, kar in dame ki, za ki gyara. Jiya na kasa, na ce masa ai akwai rubutu a kai. Ya ce ina? Na kama yatsansa na ɗora masa. Tun lokacin bai ƙara neman wayar ba."

Na ce mata, "Dubiyar ranar Alhamis fa?"

"Shi ake dubawa, Auta."

Ta ci gaba da magana, ta faɗi abin da likita ya ce da sunan abin. Na ji, amma ba zan rubuta shi a nan ba.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na yamma

Dogo ya tafi. Na zauna a kujerar Yaya, na jawo allon bakin tebur inda yake da, na kunna fitilarsa, na kawo fuskata har hancina ya taɓa. Na buɗe farin shafina na runtse ido saura kaɗan. Ruwan tokar ya narke, shuɗin ya bi shi, ɗigo ukun ma. Fari ne kawai.

Bar shi haka, Auta, ya fi fitowa.

Asabar, la'asar

Wuni na yi ina mayar da tsohon launi a wani gefe na shafin, don shi kaɗai. Baƙi wuluk, rawaya, haruffa sun fi na da ƙiba. Abu mafi muni da na taɓa zanawa. Gobe zan hau motar farko.

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma, a ɗakin Umma

Umma ta gan ni a ƙofa ta ce, "Wa ya faɗa miki?" Sai ta kalli Anti, ta kalli ƙasa, ta karɓi jakata.

Yana zaune a kujerar Baba ta da, ya ba taga baya. Ya rame. Ban kai ga yin sallama ba ya ce, "Auta, har yau ba ki daina jan ƙafa ba."

"Kai ma har yau ba ka daina neman laifi ba."

Duk maganganun da na haddace a mota suka gudu. Na durƙusa gefensa, na buɗe kwamfuta, na ɗora masa a cinya. Ya ɗaga ta da hannu biyu har gaban fuskarsa, yana juya kai a hankali, yana nema ta gefen ido. Ya daɗe. Ina jin Umma tana ta motsa faranti a kicin ba gaira ba dalili.

"Rawayata ta dawo," ya ce.

"Ta dawo. Na ƙara mata girma ma."

"Ina ganinta." Ya sauke kwamfutar, ya shafa allon da tafin hannu. "Ita kaɗai nake gani. Kamar an shanya zane."

Na ce masa me ya sa bai faɗa mini ba. Ban yi niyyar ɗaga murya ba, amma ta ɗagu.

"Da na faɗa miki, da kin bar shafin nan da muninsa har abada saboda ni. Ya isa haka, shekara nawa na danne ki. Kuma da kin riƙa kallona yadda kike kallona yanzu."

"Ai ba ka san yadda nake kallonka ba."

Maganar ta fita kafin in kama ta. Anti ta dafe baki. Shi kuwa ya yi dariya har da tari, irin dariyarsa ta da, ya ce, "Ina jin sa a fatata, kamar rana." Sannan ya tambaye ni sabon tambarin, ya ce Anti ta ce ɗigo uku ne, ko ya fi zukatansa kyau. Na ce ya fi. Ya ce ya sani, ta ukun nan ta daɗe tana ba shi kunya.

Ya ce in karanta masa labaran yau. Na juya na kalli Anti. Anti ta karɓa, tana ta karya sunayen gem yana gyara mata, ni na fita.

A kicin Anti ta same ni daga baya. Ta ce har zuwa ranar da muka sake shafin yana iya karanta kanun labari, harafi bayan harafi, ya ci rabin safiya a kan layi biyu, sannan ya buga gyaransa da yatsa ɗaya. Ba ya yarda ta taimaka masa. Likita ya ce abin ya yi sauri a watan nan fiye da yadda aka zata. Ɗan karatun da ya rage masa, a kan farin shafina ya ƙare, yana jira in gyara.

Umma ta zuba mini shinkafa, tana nan gabana ta huce.

Litinin, azahar, a mota

Da zan tafi ya ce in gaishe da kujerarsa. Na ce ban motsa ta ba. Ya ce, "Ai ba za ki iya ba, tana da nauyi."

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Rawaya yana ganinta. Wannan kaɗai na riƙe tun daga mota.

Da sassafe na shiga ɗakin ajiyar kaya na ofis, inda ƙarar fanka ba ta kaiwa, na rufe ƙofa, na ɗauki muryata a waya ina karanta labaran yau ɗaya bayan ɗaya. Na tsani muryata, kamar ta yarinya mai kai ƙara. Na sake ɗauka har ta daina rawa. A ƙarshe na haɗa da labarina na tsofaffin gem, yadda yake, ban taɓa gadar ba. Sannan na shimfiɗa ƙaton layi rawaya a saman shafin daga gefe zuwa gefe, da baƙi kewaye da shi, mai kaurin da ko ina yatsa ya sauka a kai murya za ta fara. Ya zauna a kan farin shafina kamar an ɗaura wa amarya tawul.

Mai Kwat ya kira kafin awa ta cika.

"Malama, mene ne wannan a saman tallarmu?"

"Maɓallin saurare ne. Ga waɗanda karatu ke yi musu wuya."

"To ki mai da shi ƙarami, ruwan toka, a gefe. Ai ke kika koya mana tsabtar nan."

"A nan zai zauna, da launinsa da girmansa."

Ya ce ba haka aka yi da shi ba, sai ya koma wurin manyansa, kuma bai san abin da za su ce ba. Na ce ya gaishe su. Na ajiye waya. Dogo ya ce, "Shugaba, in suka janye fa?" Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ce.

Na tura wa Anti saƙo: ki ba shi wayar gobe da safe, kar ki ce masa komai.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Ba komai tukuna. Shayina ya yi sanyi.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Ba komai. Mai Kwat ma shiru.

Laraba, ƙarfe goma da rabi na safe

Ɗan Wasa Na Ɗaya ya zo. Rubutun da ƙananan baƙaƙe ne, da aya da waƙafi, hannun Anti ne:

"Ya ce shi ya samo maɓallin da kansa. Ya ce gadar a mataki na biyar take, kuma kin sani, ke da kika haye ta. Ya ce kina sauri, gobe ki rage."

Na karanta, na tashi na shiga ɗakin ajiyar kaya na rufe ƙofa. Da na fito Dogo ya yi kamar yana neman abu a ƙarƙashin tebur.

Na mai da huɗu biyar. Na rubuta a ƙasa: an gyara.